Jinyar wanda aka yi wa aikin ƙashi, daga fitowa tiyata zuwa ranar sallama

Aikin ƙashi a ɗakin tiyata bai cika wuce awa biyu zuwa huɗu ba. Abin da ke biyo baya shi ne mai tsawo, kuma galibinsa a hannun mai jinya yake, wato ɗa ko 'ya ko mata ko ƙanen da ke kwana a gefen gado. Ko a Asibitin Ƙashi na Dala ne, ko Shika, ko babban asibitin Yamai, ma'aikatan jinya zagaya gadaje suke yi, idon da ke kan majinyaci dare da rana na danginsa ne. Bayanin nan ya fi shafar aikin ƙafa: karayar ƙugu ko cinya ko ƙwauri da aka sa wa ƙarfe, da canjin gaɓar ƙugu ko gwiwa. Inda maganar likitan da ya yi aikin ta saɓa da abin da ke nan, tasa za a bi, don shi ya ga ƙashin da idonsa.

Kafin komai, ku sayi ƙaramin littafi da biro. A ciki za a rubuta lokacin kowane magani, zafin jiki, fitsari, bayan gida, da duk abin da likita ya faɗa. Masu jinya canji suke yi, kuma abin da na dare ya sani na safe bai sani ba sai an rubuta.

Awannin farko

Yawancin aikin ƙafa da allurar baya ake yi, wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa. Idan aka turo Baba ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada hankali ya tashi. Ji da motsi kan dawo cikin awa biyu zuwa huɗu, wani lokaci har shida. In an wuce haka shiru, a gaya wa nas. Muddin ƙafar a mace take, kada a ɗora mata gorar ruwan zafi don yana rawar ɗari, za ta ƙone bai sani ba. A ƙara masa bargo kawai.

Kada a ba shi komai ta baki sai nas ta ce. A fara da kurɓin ruwa, in ya zauna a ciki a bi da shayi ko kunu mara kauri. In amai ya taso, a juya kansa gefe.

Idan an sa robar fitsari, jakar ta kasance ƙasa da gado amma ba a kan daɓe ba, kuma kada robar ta lanƙwashe a ƙarƙashin cinya. In ba a sa ba, aka yi awa shida zuwa takwas bai yi fitsari ba kuma mara ta kumbura, a faɗa, allurar baya kan sa mafitsara ta yi sanyi. Wata robar kuma tana zuƙo jini daga ciwon zuwa ɗan gora. Ba a zubar da ita, ba a ja ta, likitoci kan cire ta cikin kwana ɗaya ko biyu. In jini ya ɓullo ta bandeji, ku zagaye tabon da biro ku rubuta lokaci. Tabon da ya tsaya a cikin da'irar ba komai ba ne. Wanda ke faɗaɗa cikin 'yan mintuna, a kira nas nan take.

Yatsun ƙafa su ne labarin ƙafar

Wannan shi ne aikin da ya fi kowane muhimmanci a kwana biyun farko, kuma ba ya cin minti ɗaya. Kowace awa a ranar farko, daga baya kowace awa huɗu, a buɗe yatsun ƙafar da aka yi wa aiki a gwada su da na ɗaya ƙafar. A taɓa a ji ko da ɗumi. A danna farcen babban yatsa har ya yi fari, a saki: launinsa ya dawo cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. In Hajiya ta sa lalle, farce ba zai nuna komai ba, sai a danna tsokar yatsan ta ƙasa inda lallen bai kama ba. A ce ya motsa yatsun sama da ƙasa. A rufe masa ido a taɓa yatsa ɗaya, a tambaye shi wanne aka taɓa.

Abin da ake tsoro shi ne kumburin cikin tsoka. Tsokar ƙwauri a cikin wata fata mai tauri take wadda ba ta miƙewa. In jini da ruwa suka taru a ciki, matsin ya kan toshe hanyar jini, tsoka ta fara mutuwa cikin kamar awa shida. Alamarsa ta farko ciwo ne mai tsanani da ke ƙaruwa, wanda allura ba ta taɓa shi, kuma in aka ɗaga masa yatsu sama a hankali sai ya yi ihu. Ƙwaurin ya yi tauri kamar icce. Kada a jira yatsu su yi sanyi ko baƙi, wannan alamar an makara ce. Kada kuma a ce bari gari ya waye. Ko ƙarfe biyun dare ne a tayar da nas, a ce mata a kira likita. Maganinsa tsaga filasta, wato ɗaurin nan mai tauri da ke riƙe ƙafar, ko komawa tiyata, kuma ƙafafu da yawa a nan ake rasa su saboda kunyar tayar da ma'aikaci.

Don rage kumburi a ɗora ƙafar a kan filo ɗaya ko biyu, daga ƙasan gwiwa zuwa idon sawu, diddige yana lilo bai taɓa komai ba. Wanda aka canja wa gwiwa kuwa ba a cusa masa filo a ƙarƙashin gwiwar, ko da ya fi jin daɗin haka, don za ta saba da lanƙwasa ta ƙi miƙewa.

Ciwo da magani

Dauriya ba ta da amfani a nan. Wanda ke cikin ciwo ba ya tari, ba ya juyi, ba ya yarda da mai gashin ƙashi, wato ma'aikacin da ke motsa masa gaɓoɓi yana koya masa tafiya, kuma waɗannan su ne warakar. Dattawa musamman sukan ce "da sauƙi" alhali suna cije baki. A tambaye shi da lamba, daga sifili zuwa goma, a rubuta. A sha magani kan lokacinsa tun ciwon bai taso ba, kuma a daidaita shi ya zama minti 30 zuwa 45 kafin zuwan mai gashi.

Farasitamol ga babba giram ɗaya ne, wato ƙwaya biyu masu miligiram 500, duk awa shida, kada ya wuce giram huɗu a yini da dare. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba ana rage masa. Magungunan mura da na ciwon jiki da yawa suna ɗauke da shi a ciki, don haka ƙara su a kai na iya taɓa hanta. Diklofenak da ibufrofen suna tayar da gyambon ciki kuma suna wahalar da ƙodar tsofaffi, balle ga wanda ake yi wa allurar tsinka jini. Tiramadol da allurai masu ƙarfi suna kawo jiri da taurin bayan gida, na 'yan kwanaki ne, ba na ci gaba da saye a kemis bayan sallama ba. Duk abin da ɗan dubiya ya kawo, na Bature ne ko jiƙo ko garin magani, a nuna wa likita tukuna.

Kwanciya ita ce babbar abokiyar gaba

Mun saba cewa mara lafiya ya kwanta ya huta. A aikin ƙashi kwanciya wuri ɗaya tana ɓarna ta hanya uku.

Ta farko jini ne. Ƙafar da ba ta motsi jininta kan daskare a jijiyar sharaɓa ko cinya, gudan ya ɓalle ya tafi huhu, mutum yana hira sai numfashi ya sarƙe. Rigakafinsa motsa idon sawu: a ja tafin ƙafa sama, a tura shi ƙasa kamar mai taka keken ɗinki, sau goma kowace awa in yana farke, ƙafa biyun duka in filasta bai hana ba. Likita kan rubuta allurar tsinka jini irin su Clexane, galibi miligiram 40 sau ɗaya a rana a fatar ciki, nesa kaɗan da cibiya, ana canja gefe kullum, ba a murza wurin. Bayan aikin ƙugu akan yi kwana 28 zuwa 35 ana ba da maganin, bayan na gwiwa kwana 10 zuwa 14. Tana da tsada, kuma nan ne iyalai ke yanke ta a ɓoye. In kuɗi sun gaza a gaya wa likita gaskiya, akwai ƙwayoyin da zai iya musanyawa da su.

Ga kuma abin da ake yi da kyakkyawar niyya: matsa wa Inna ƙafa. Kada a yi tausa a sharaɓa, ko da ta roƙa. In gudan jini ya riga ya samu, hannun mai tausa ne zai ɓalle shi. Sharaɓa ɗaya da ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo, ta likita ce. Haki na farat ɗaya, ciwon ƙirji, ko tari da jini, wannan gudu ake yi a kira ma'aikata.

Ta biyu huhu. Mai kwanciya numfashinsa sama-sama ne, majina ta taru a ƙasan huhu ta zama ciwon huhu. A ɗaga kan gadon, ya ja dogon numfashi ta hanci, ya riƙe daƙiƙa uku, ya saki, sau goma kowace awa, sannan ya yi tari. Hura balan-balan na yara yana yin wannan aikin.

Ta uku fata. Gyambon kwanciya na iya farawa cikin 'yan awanni, warkewarsa kuma watanni. A juya shi duk awa biyu, har da dare, ta yadda nas ta nuna. In aikin ƙugu ne, mutum biyu ke juyawa, da filo a tsakanin ƙafafu, kafaɗa da ƙugu su juya tare. Kowane juyi a duba ƙarshen gadon baya, diddige biyu, gefen ƙugu da allon kafaɗa. A baƙar fata ba ja ake gani ba, wurin ƙara duhu yake yi, ya yi ƙyalli, ya fi kewayensa tauri ko zafi. In aka gani, a ɗauke nauyi daga wurin, kada a murza shi da mai, a nuna wa nas. Zanen gado ya kasance a miƙe, ba gutsuren abinci. Ledar da ake shimfiɗawa tana tara gumi, musamman a bazara, sai a rufe ta da zanen auduga a riƙa canjawa da zarar ya jiƙe. In za a gyara masa kwanciya a ɗaga shi da zane, kada a ja shi.

Ciwon kansa, da zazzaɓi

Bandeji ba na buɗewa ba ne don dangi su ga ɗinki. Ma'aikata ne ke wankin ciwo, da kayan da aka dafa. Ƙwayar cuta in ta kai ga ƙarfe tana manne masa ta yadda magani ba ya cimma ta, ƙarshenta sai an sake aiki, wani lokaci an ciro ƙarfen gaba ɗaya. Saboda haka ba man shanu, ba man zafi, ba zuma, ba garin kafso. Mai tofi ya yi addu'arsa a gefe, kada yawu ko ruwan rubutu su taɓa bandejin. Wanka da tsumma ake yi, a kewaye wurin. Filastan farar ƙasa kan ɗauki kamar kwana biyu kafin ya bushe sosai, ba a jiƙa shi, ba a zura tsinke a yi susa. Wanda aka riƙe masa ƙashi da ƙarafan da suka fito waje ta fata, kullum a duba gindin kowane ƙarfe ko yana fitar da ruwa.

Ɗan zafin jiki a kwana biyun farko ba baƙon abu ba ne. Wanda ya kai digiri 38 daga kwana na uku, a faɗa. A ƙasarmu kowa zai ce maleriya ce, kuma tana iya zama ita, shi ya sa ake ɗaura gidan sauro. Amma a bar likita ya auna jini da fitsari, ya saurari ƙirji, ya duba ciwon. Ruɓar ciwo ta fi bayyana daga kwana biyar zuwa sama: ciwon da ya lafa ya dawo yana zuga, ruwa ko mugunya, wari. Mai ciwon sukari a riƙa auna sukarinsa kullum, don hawansa na hana ciwo haɗewa. Taba da shisha suna tsuke jijiyoyin da ke kai wa ƙashi jini, suna jinkirta ɗorinsa.

Washegarin aiki akan auna yawan jini. Karayar cinya kaɗai tana iya cin fiye da lita ɗaya, don haka 'yan uwa masu lafiya, daga shekara 18, masu nauyin kilo 50 zuwa sama, su zauna da shirin bayarwa.

Ci da sha

Ƙashi da tsoka da abinci mai gina jiki suke haɗewa. Kunu da shayi da burodi kaɗai ba za su yi ba. Kowane ci a sa ɗaya daga cikin ƙwai, wake, alala, ƙosai, awara, kifi, kaza, hanta ko nonon da aka dafa. Wasu kan hana ƙwai da gyaɗa wai suna sa ciwo ya yi ruwa. Ƙwayar cuta ce ke sa ciwo ruwa, hana abincin kuwa jinkirta waraka yake yi. In ba ya iya cin da yawa, a ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida.

Ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, wato ledar fiya-wata uku zuwa huɗu, sai fa mai ciwon zuciya ko ƙoda da aka ƙayyade wa. Mai sikila ya fi kowa buƙatar wannan. Dattawa kan ƙi sha don kunyar a tara musu fo, ku lura da haka, ku ja labule, namiji ya kula da namiji in da hali. Kwaɗon zogale, miyar kuka, gwanda da lemu suna sassauta ciki. Kwana uku ba bayan gida, a nemi magani wurin nas.

In tsoho ya ruɗe

Bayan karayar ƙugu, tsofaffi da yawa kan rikice, musamman da dare: ya kira matattu, ya fizge robar ƙarin ruwa, ya ce zai tafi gona. Kafin a ce iska ce ko sammu, a sani wannan alama ce ta wani abu a jiki: ciwo, ƙishirwa, fitsarin da ya taru, cuta a fitsari ko huhu, ƙarancin jini, ko maganin da ya yi masa ƙarfi. Wani kuma shiru zai yi ya yi ta barci, shi ma ruɗewa ce. A gaya wa likita yaushe abin ya fara. A sa masa tabaransa, a buɗe taga da rana, a riƙa gaya masa inda yake da wace salla aka yi. Kada a ɗaure shi, kada a yi musu da shi. Matashi mai karayar cinya da ya ruɗe yana haki cikin kwana ukun farko, nasa na gaggawa ne, kitsen ɓargo ne mai yiwuwa ya shiga jini.

Tashi da tafiya

Sau da yawa washegari ko kwana biyu bayan aiki mai gashi zai zo ya tayar da shi. Dangi kan ga kamar rashin tausayi ne. Ku taimaka masa. A fara zama a bakin gado na 'yan mintuna har jiri ya wuce, sannan a miƙe da ƙarfen tafiya mai ƙafa huɗu, mai jinya yana ɓangaren ƙafar da aka yi wa aiki, ɗan baya kaɗan. Takalmi mai riƙe diddige, ba silifa ba.

Tambaya ɗaya ce dole a samu amsarta a zagayen likitoci na safe, a rubuta: nauyi nawa zai ɗora wa ƙafar? Ko kada ta taɓa ƙasa sam, ko yatsu kawai su taɓa, ko rabin nauyi, ko gwargwadon iyawarsa. Ƙarfe riƙe ƙashi yake yi kafin ya haɗe, bai maye gurbinsa ba. Cinyar babba kan ɗauki wata uku zuwa shida, ƙwauri ma haka ko fiye. Ciwo kuwa tun a makonnin farko yake ɗaukewa, sai mutum ya yar da sanda, ƙarfen ya lanƙwashe ko ya karye. Hoto ne ke cewa ƙashi ya haɗe.

Sandar hammata ta tsaya yatsa biyu zuwa uku ƙasa da hammata, nauyi a kan tafin hannu. Rataya a kanta na danne jijiya hannu ya mutu. A matakala lafiyayyar ƙafa ce ke fara hawa, mai ciwo da sanduna ke fara sauka.

Wanda aka canja wa ƙugu, galibi na mako shida ko fiye, ba ya zama inda gwiwa za ta fi ƙugu tsawo, ba ya harɗe ƙafa, ba ya murɗa ta ciki, ba ya sunkuyawa ɗaukar buta. Wato tabarma, katifar ƙasa, kujera 'yar tsuguno da masai na tsuguno duk sun fita. Salla a kan kujera mai tsawo, ko a kwance da nuni. In ruwa ba zai yiwu ba akwai taimama, da shafa a kan bandeji, a tambayi malami yadda ake yi. In ya ji ƙas da ciwo mai tsanani, ƙafar ta gajarce ta juya, gaɓar ta goce. Kada kowa ya ja ta.

'Yan dubiya su shigo bibbiyu, su wanke hannu, kada su zauna a kan gado, mai mura ya yi "ya jiki" ta waya. A cikinsu ba a rasa mai cewa a ɗauke shi a kai wa wani mai ɗori da ya sani. Ƙafar da ke da ƙarfe a ciki ba a ja ta, ba a ɗaure ta da kara.

Kafin a bar asibiti

Ranar sallama rana ce ta hayaniya, biyan kuɗi da haɗa kaya, don haka a yi tambayoyin tun ana gobe. Sunan aikin da irin ƙarfen da aka sa. Kowane magani, adadinsa da ranar dainawa, musamman na tsinka jini, da wanda zai riƙa yin allurar a gida. Inda za a riƙa wankin ciwo. Ranar cire zare, wanda yawanci yake kamawa kusan mako biyu bayan aiki. Ranar komawa ganin likita da ɗaukar sabon hoto, galibi a mako na shida. Ranakun gashi. In azumi ya kusa, a tambaya shi ma. Hotuna da katin asibiti da rasiɗai a haɗa su a jaka ɗaya.

A gida a riga an shirya gado mai tsawo a ɗakin da ba matakala, kujerar roba mai hannu don wanka, da kujerar bayan gida ko wadda aka huda aka sa bokiti a ƙasa. A naɗe dardumar da ke tsakar ɗaki, a ajiye tocila kusa da filo saboda ɗauke wuta, don faɗuwa ta fi yawa a hanyar banɗaki da dare. A ɗauko shi a mota, ba a babur ko A Daidaita Sahu ba. A tura kujerar gaba baya iyakarta, a ɗora filo, ya fara zama da baya sannan a shigar da ƙafafun tare. In tafiyar mai nisa ce, kamar daga Kano zuwa Gusau ko Maraɗi, a tsaya duk awa ɗaya ko biyu ya motsa idon sawu, ya sha ruwa, a sake duba yatsun.